Siffar Ƙwayoyin Sinadari: Amsa Ga Malamin Shinkafi

Wani malamin kimistiri daga Shinkafi ya rubuto mana yana kuka, wai ɗalibansa sun kasa gane siffar ƙwayoyin sinadari, ga jarrabawar WAEC ta matso.

To Malam, laifin allo ne. In ka zana iskar mitan a allo, kabon a tsakiya, haidurojin huɗu a gefe, sai yaro ya ga gicciye mai kusurwa 90. Alhali ainihinta 109.5 ce, domin tagwayen elektaron da ke kewaye da kabon suna ture juna har kowanne ya yi iyakar nisa da ɗan'uwansa. Ruwa kuwa, tagwaye biyu marasa abokin haɗi ne suka matse shi ya lanƙwashe zuwa 104.5.

Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Colorado a Amurka, wadda aka fara a 2002, kyauta ce. Yaro zai juya ƙwayar da yatsa ya ga bayanta. Amma ka sauke ta a waya tun da wuri, in ka shiga Kaura Namoda ka sami intanet mai ƙarfi. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara.

In waya ɗaya ce tak a ajin, mulmula yumɓu, ka soka tsinken tsintsiya huɗu, ka ba yara su riƙa juyawa. Ku ma malaman Zurmi, ku gwada ku rubuto mana.