Ladan Ɗan Ƙwadago: Namu Da Na Waɗansu Ƙasashe

A taron ƙungiyar gama kai da muka yi bayan sujada a wajen Bodinga, gab da noman fari, magana ɗaya ce ta cinye mana lokaci, watau kuɗin ƙwadago. Wani dattijo ya ce samarin da su kan ƙetaro daga wajen Ƙonni su yi masa noma kowace damina, bana biyu kaɗai suka zo, su ma suka ce sai an ninka musu. Sai wani saurayi ya miƙe ya ce ai mu wahalar banza mu ke yi, gama ya ji a Amurka abin da lebura ke samu a yini ɗaya ya fi albashin wata a nan. Baba yana kukan lada ya yi tsada, yaro yana kukan ya yi araha, alhali kuwa a kan gona ɗaya su ke magana. Na yi alkawari zan rubuto bayani, domin 'yan'uwa na wajen Shagari su ma su karanta. To, ga shi.

Gwada ladanmu da na wata ƙasa ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Kakanninmu da ƙafa suka yi wannan lissafi. A ranin 1952 zuwa 1953 aka sa malamai a bakin hanyoyi da mashigai suna ƙirga masu fita cin rani, aka sami fiye da mutum 200,000. Wani Bature mai suna Mansell Prothero ya rubuta bayanin ƙirgar. Da yawansu gonakin koko na ƙasar Yarbawa suka nufa, waɗansu har Kumasi. Da man fetur ya yi daraja, sai ƙafa ta juyo: mutanen Gana da na Nijar da na sauran maƙwabta suka yi ta kwararowa Nijeriya neman naira, har a watan Janairu na 1983 gwamnati ta ce baƙin da ba su da takardu su fita.

A wannan zamani ne aka kafa dokar albashi mafi ƙanƙanta. A watan Mayu na 1981 ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta yi yajin aiki tana neman ₦300 a wata. Aka daidaita a kan ₦125, shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin nan namu, ya sa hannu. Kada ku raina ₦125 ɗin nan. A canjin gwamnati na lokacin ta kai wajen dalar Amurka 200. Daga baya aka yi ta ƙari: ₦18,000 a 2011, ₦30,000 a 2019, sa'an nan ₦70,000 a watan Yuli na 2024. Amma ran da aka sa hannu a kan ₦70,000 ɗin, ba ta kai dala 50 ba. Lambar ta ƙaru sau 560, abin da ta ke ɗaukowa kuwa ya koma baya.

Yanzu bari mu leƙa Nijar, tun da ya ke daga can baƙin Baba su ke zuwa. Daga 2012 zuwa ƙarshen 2023 albashi mafi ƙanƙanta a can sefa 30,047 ne, watau jaka 30 da 'yan kai. (Jakar Nijar sefa 1,000 ce, ba irin tamu ta dā ba mai fam 100.) A 2019 jaka ɗaya wajen ₦600 ce, saboda haka albashinsu bai kai ₦20,000 ba, namu yana ₦30,000. Yaron Ƙonni da ya yi noma a Bodinga ya koma gida da abin kirki. A farkon 2024 suka ɗaga nasu zuwa jaka 42. Mu kuwa a watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai, ita sefa tana nan ɗaure da kuɗin Turai, sefa 656 a kan yuro ɗaya. Kafin ƙarshen 2024 jaka ɗaya ta kai wajen ₦2,500, jaka 42 ta haura ₦100,000. Cikin shekara biyar, wanda ke ƙasa ya koma sama.

Ga amsar dattijonmu ke nan. Yaran nan ba girman kai suka koyo ba. A gida su ke kashe kuɗinsu, da sefa su ke sayen hatsi da biyan bashi. Abin da ya zama jaka ɗaya a hannunsu dā, yau sai an ba su ninkinsa huɗu kafin ya zama jaka ɗaya. Ga shi kuma an rufe iyakar Illela daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ya sha wuyar hanya sau biyu ya kan nemi wata hanyar ci.

Wani abu da ya kamata ku sani: dokar ₦70,000 ba ta hau kan gonakinmu ba. Ta ware aikin da ke bin lokaci irin na noma, ta kuma ware wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Ba wanda zai kai ka ƙara don ka biya ɗan ƙwadago ƙasa da ita. Shi ma ɗan ƙwadagon ba shi da wata doka da zai dogara da ita, sai ciniki da tsoron Allah na mai gona.

To, sai maganar saurayinmu. Abin da ya ji gaskiya ne. Tun 2009 dokar tarayyar Amurka ta ce kada a biya ƙasa da dala 7.25 a sa'a ɗaya. Sa'a takwas dala 58 ke nan, ta fi ₦70,000 a canjin 2024. Amma mutumin ba a kasuwar Bodinga ya ke cefane ba. Kuɗin hayar ɗaki, da na mota, da na likita, da na ɗumama gida lokacin sanyi, duk da dala ya ke biya. Lissafin ɗan canji yana da amfani ga wanda zai ɗauko kuɗin ya kawo gida, kamar yaron Ƙonni. Ga wanda zai ci a inda ya samu, ba ya nuna kome.

Mudun da na fi amincewa da shi shi ne kwanon gero. Ka raba ladan yini da kuɗin kwano ɗaya a kasuwa ran nan, ka ga kwano nawa yinin mutum ya saya. A ce lada ₦3,000 ne, kwano ₦1,500, yininsa kwano biyu ke nan. In kaka ta yi, kwano ya sauko ₦1,000, yinin nan ya zama kwano uku, ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba. Wannan misali ne kawai, ku sa farashin kasuwarku. Da wannan mudu za ka iya gwada Shagari da Ƙonni, ko bana da shekara goma da suka wuce, ba ruwanka da ɗan canji. Za ka kuma ga wani abu mai ban tausayi. Lokacin noman fari da maimai, sa'ad da mu ke neman hannu ido rufe, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya fi tsada. Mai zuwa ƙwadago a watan Yuli sau da yawa gonarsa ya bari cikin ciyawa domin ya kai abin tuwo gida da maraice. Ya sayar da yininsa ran da ya fi araha, ya kuma rage amfanin tasa gonar.

Ta wajen mai gona kuma, abin da ya fita daga aljihunsa ya fi abin da ya shiga hannun ɗan ƙwadago. Akwai kunun safe, da furar rana, da goro, wani lokaci da kuɗin babur, in baƙo ne har da wurin kwana. Da yawanmu ba mu rubuta waɗannan, gama daga rumbu suka fito, matan gida kuma suka daka. Amma kuɗi ne. A manyan wuraren aiki ma haka abin ya ke, sai dai su doka ce ta ɗora musu. A Nijeriya dokar fansho ta 2014 ta sa mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci ya zuba 8, dokar diyya ta 2010 kuma ta ƙara masa kashi 1 saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki. A Amurka wajen kashi 30 cikin 100 na abin da a ke kashewa a kan ma'aikaci ba albashi ba ne, inshorar lafiya ce da fansho da hutu. Manomin can da ya ɗauko baƙon lebura da takardar aikin gona ta ɗan lokaci, tilas ya ba shi masauki kyauta. Saboda haka in an faɗa muku ladan wata ƙasa, ku tambaya: da abinci ko ba abinci? In lauje ya sare shi, wa zai biya magani?

Kuma ta yaya manomin Amurka ke iya biyan wannan lada bai karye ba? Domin yinin mutum ɗaya a can yana fid da hatsi mai yawa. Kadada ɗaya ta masara tana ba su wajen tan 11, mu wajen tan 2, ga shi mutum ɗaya da inji yana gama abin da gayyar gari guda ba za ta gama ba. In aka raba ladan a kan kowane buhu, sai ka tarar nasu mai tsadar ya fi namu araha. A nan ne na ke ganin ƙungiya ta ke da abin yi. Matse ɗan ƙwadago ba zai rage mana kuɗin buhu ba, sai dai ya tafi inda aka fi biya, ko ya yi maka noman shafa-shafa. Abin da zai rage shi ne garmar shanu ta ƙungiya, da shuka a layi domin garma ta bi, da takin gargajiya a kan kari, da iri mai kyau.

Game da jinga, ni ina sonta in an auna gonar da igiya a gaban kowa, aka kuma yanka ciniki kafin a sa hauya. Rigimar da na fi rabawa a wannan aiki ta jingar da aka yi da ido ce. Biya kuwa a yi shi ran da aka gama. Shari'ar Musa, cikin Kubawar Shari'a sura 24, ta hana a kwana da hakkin matalaucin ɗan ƙwadago, ɗan gari ne ko baƙo. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka addininsu ya koya musu, suna kuwa kallon yadda mu ke yi.

Ina roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya ware shafi ɗaya a littafinsa wannan damina. Duk ran da aka ɗauki ƙwadago ya rubuta kwanan wata, da irin aikin, da mutum nawa, da kuɗin da aka ba su, da kimar abincin da suka ci, da kuɗin kwanon gero a kasuwar makon. In akwai baƙi daga Nijar, a tambaye su nawa a ke canjin jaka a Illela, a rubuta a gefe. Ku zo da littattafan taron bayan girbi, mu ajiye na Bodinga kusa da na Shagari, mu raba a kan buhunan da aka samu.