Shamuwa Mai Damina Biyu

Kowa ya ga shamuwa da ƙunshinta ya gan ta, in ji masu iya magana. Jan da ke gwiwarta da yatsunta ba wata ƙawa ce ta zauna ta ɗaura mata ba, da abinta ta zo. Sai dai wanda ya fara wannan karin magana bai tsaya ya dube ta da tsakar ranar bazara ba. Idan zafi ya kai mata karo, kashi take yi wa ƙafafunta da gangan, danshin ya bushe ya tafi da zafin jiki, ƙunshin ya koma fari fat. Haka danginta suke, har babba-da-jaka. Da na faɗa wa gwaggona wannan, cewa ta yi in rufa wa baiwar Allah asiri.

Mutuncin shamuwa a wurinmu ba na ado ba ne. Da an gan ta kan tsamiyar ƙofar gari tana jan ƙirare, manomi zai sauko da iri daga rumbu, ya duba ƙotar sungumi. Yaron da ya auna ta da danƙo, shi da dattawan unguwa. Wasu ba su tsaya ga cewa bushara take kawowa ba, sun ce ita ce ke jawo ruwan.

'Yan boko kan yi wa zancen dariya. Sun ce ba ta ja komai ba, bin ruwa take yi, kuma ko ruwan ba don kansa take binsa ba, don fara ne. Ƙwan fara na kwance cikin ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko ke ƙyanƙyashe shi, ga kwaɗi da tsutsa su ma sun fito. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da suke tsallakewa: sau da yawa kafin ruwan take isowa, ƙasa ƙaƙas, sama ba ko gajimare. In bin ruwa kawai take, me ya kawo ta gabansa? Lissafi ne. Sai ta gyara sheƙa, ta yi kwanci wajen wata guda, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. In ta jira ruwa ya zauna sannan ta taso, lokacin da 'ya'yan suka fi buɗe baki fara ta fara ja baya. Dole ta riga shi. Don haka tsohon da ya gan ta ya ce a shirya shuka bai yi wauta ba ko kaɗan, ya dogara ne da wadda in ta kuskure lissafi 'ya'yanta ne za su mutu. Ni a wannan gardama ina bayan tsofaffi, ko da ban yarda tana da igiyar jan hadari ba. Ko banza ta biya bashin sunan mai jan ruwa da aka ba ta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma duk wanda ya ga shamuwa a kan ƙwai cikin ruwan Yuli, ta jiƙe sharkaf ba ta motsa ba, ya ga karin maganar da idonsa.

Da kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Masu bincike sun ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar 'yar na'ura, tauraron ɗan'adam ya bi su har Tanzaniya, wasu 'yan'uwansu kuma kan kai Zambiya da Zimbabwe da Afirka ta Kudu. Can a lokacin damina ke sauka, can ma murnar ganinta ake yi. Damina biyu take ci a shekara, rani sai dai ta ji labarinsa.

Tana fita wata ke shigowa daga arewa, farar shamuwar Turai, wadda ta fi tamu girma, mai cin hunturu a Sahel daga Senegal har Tafkin Chadi da Sudan. Turawa na gaya wa yaransu ita ke kawo jarirai, Turkawa na yi mata laƙabin alhaji don sun ɗauka Makka ta nufa. An daɗe a Turai ana gardamar inda tsuntsaye ke ɓacewa da sanyi, har da mai cewa duniyar wata suke zuwa. A 1822 aka harbo wata shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi duk tafiyar. Tana nan har yau a Jami'ar Rostock, ita da mashin.

Wanda ke son ganin wannan hijira ido da ido, ya je Tarifa, ƙarshen kudancin Sifaniya, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Nan ne mashigin Jibralta ya tsuke, kilomita 14 kacal tsakanin Turai da Maroko. Ja-gorori na ɗaukar baƙi a ƙananan motoci, kowa da madubin hangen nesa a wuya, a hau tudun Cazalla a zauna. Da na je can na nemi mu fita da asuba, namu ja-goran dariya ya yi, ya ce shamuwa ba ta sammako. Ba ta son kaɗa fiffike. Jira take rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara tashi, sai ta baje fukafukai ta hau ta tana zagayawa, ɗaruruwa a wuri ɗaya kamar ana dama fura, har su zama ɗigo-ɗigo a sama. Daga nan su zame a jere zuwa inda wata iskar ke tashi. Teku ba ya ba da irin wannan iska. Shi ya sa ba sa ratsa Bahar Rum ta tsakiya. Na yamma su taru a Jibralta, na gabas su bi ta Istanbul su gangara ta Sinai zuwa kwarin Nilu.

Abin da ya fi ba ni nishaɗi shi ne shakkarsu. Garke zai yi sama, ya miƙe kan ruwa, duwatsun Maroko ga su nan ana gani, sai na gaba su karkata, duka su juyo. A sake hawa, a sake gwadawa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma yawancin 'yan bana ba su taɓa ganin teku ba. In iskar gabas da mutanen wurin ke kira Levante ta taso da ƙarfi, tana iya tura tsuntsu cikin Atlantika inda ba tudun dafawa, don haka sai a dakata kwana da kwanaki. A gefenmu ma'aikatan shirin Migres, wanda ke ƙirga masu ƙetarawa tun 1997, suna latsa 'yar na'urar ƙirge suna rubutawa: shamuwa, shirwa, ungulu, gaggafa. Idan garke ya yi yawa, goma-goma suke yankawa, ko hamsin-hamsin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Ranar da iska ta hana tafiya, ja-gora kan juya mota zuwa La Janda. Da can babban tafki ne, aka janye ruwansa a shekarun 1960, yanzu fadamun shinkafa ne da magudanai. Nan matafiya ke zaman jira, tare da zalɓe da balbela. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to gidan su shamuwa ba a gaji kuka ba. Dubbai a fili ɗaya, shiru, sai ɗan ƙwas-ƙwas na baki jefi-jefi. Abin da suke tsinta a cikin ruwan ma baƙo ne, wani jan jatan lande da aka kawo Sifaniya daga Amurka a farkon shekarun 1970, ya cika fadamun kudu.

A nan muka yi musu da ja-goran. Ya nuna mini wasu ya ce waɗannan ba inda za su. Mutanen Sifaniya na da karin magana cewa ranar waliyyi Blas, 3 ga Fabrairu, za ka ga shamuwa ta dawo. Yanzu ba sai an jira ba, tana nan ko a Disamba. A Fotugal masu zaman hunturu sun tashi daga 1,187 a 1995 zuwa kusan 14,000 a 2015. Dalili kuwa juji ne, manyan bololin bayan birane inda motocin shara ke juye ragowar nama da kifi kullum. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Raina bai so ba. Na ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ina da hujja, don ana samun leda da robar ɗaure kaya a cikinsu, wasu na mutuwa ta haka. Shi kuwa ya lissafo mini abin da ke jiran mai tafiya: teku, Sahara, wayar lantarki, maharba, maganin feshin fara. Farin da ya afka wa Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda ya cinye dabbobin iyayenmu, ya rage shamuwar yammacin Turai ƙwarai, har ta kusa ƙarewa a wasu ƙasashe. Bin sawun da aka yi musu da na'ura ya nuna masu tsayawa kusa sun fi tsira, kuma su ke riga kama sheƙa mai kyau. Na so in ce ta zubar da girman gidansu, amma tamu ma da muke girmamawa fara take bi, ba zumunci ba. Bambancin kawai, abincin tamu na tafe da ruwan da muke roƙo, na waccan na tafe a bayan motar shara.

Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta tilasta rage zuba ragowar abinci a juji, ana ta rufe wasu, ana lulluɓe wasu. Masu zama a kansu yawanci manya ne. 'Yan bana har yanzu su suka fi ɗaukar hanyar Maroko, wasu su tsaya a jujin Rabat, wasu su wuce Sahara.