Maulana Abul Kalam Azad: Malamin da Tafsiri Ya Kai Shi Fagen Siyasa

Idan malami ya bar zaure ya hau mumbarin jam'iyya, abin da aka fi yi masa zato shi ne duniya ce ta ja shi. Tarihin Maulana Abul Kalam Azad na ƙasar Indiya ya ƙaryata wannan zato, domin siyasarsa daga karatunsa ta tsiro. An haife shi a Makka a 1888, ya tashi a Kalkata a gidan mahaifinsa Maulana Khairuddin, shehin ɗariƙa mai ɗimbin muridai. Da abin duniya yake so, da ya gaji buzun uba ya zauna ana kawo masa hadaya. Sai ya kafa jaridar Al-Hilal da harshen Urdu a 1912, yana karantar da Musulmi cewa yaƙar mulkin mallaka farilla ce. Turawan Ingila suka rufe ta a 1914, daga baya suka tsare shi a garin Ranchi daga 1916 zuwa 1920.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa siyasarsa daga karatunsa ta tsiro tana cikin tafsirinsa, Tarjuman al-Qur'an, wanda juz'insa na farko ya fito a 1931. A dogon sharhin da ya yi wa Fatiha, ya tsaya a kan cewa addinin da annabawa suka zo da shi asalinsa ɗaya ne, shari'o'i ne suka bambanta, kuma Ubangijin talikai ba na wata ƙabila ba ne ita kaɗai. Ya kuma riƙa kafa hujja da yarjejeniyar da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla da Yahudawan Madina, cewa Musulmi na iya zama al'umma guda da wanda ba Musulmi ba a harkar ƙasa. Mai irin wannan fahimta ba mamaki ya tsaya tare da Gandhi, ya shugabanci jam'iyyar Congress a 1923 yana ɗan shekara 35, ya sake riƙe ta daga 1940 zuwa 1946, kusan shekara uku daga ciki yana kurkuku a ganuwar Ahmednagar. Bai ƙarasa tafsirin ba har ya rasu, kuma wannan asara ce ta gaske da siyasa ta jawo wa ilimi.

Masu suka suna da abin faɗa, ba kuwa ƙarami ba. Sun ce mutanensa sun juya masa baya, domin a zaɓen da aka fara a ƙarshen 1945 jam'iyyar Muslim League ta Muhammad Ali Jinnah ta lashe duk kujeru 30 da aka ware wa Musulmi a majalisar tarayya, aka kuma raba ƙasa a 1947 aka kafa Pakistan duk da adawarsa. Wasu ma sun ɗauke shi ɗan amshin shatan Congress kawai. Gaskiya ne ƙuri'a ta kayar da shi. Sai dai tambayar da ya dage a kanta ba ta sami amsa a akwatin zaɓe ba: miliyoyin Musulmin Delhi da Lucknow da Hyderabad da ba za su iya ƙaura ba, wa zai tsaya musu? Ya kuma yi gargaɗin cewa addini shi kaɗai ba zai ɗinke yankuna masu harsuna da al'adu daban ba, ga shi kuwa a 1971 gabashin Pakistan ya ɓalle ya zama Bangladesh. Zargin amshin shata ma bai zauna ba, tunda ra'ayin zama al'umma guda da wanda ba Musulmi ba yana bakinsa tun kafin Congress ta ba shi kowane muƙami.

Bayan rabuwar, ya tsaya a Masallacin Jama na Delhi ya roƙi Musulmin da tsoro ya kama su zauna a gidajensu. Ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1947 har rasuwarsa a watan Fabrairu na 1958, kuma a zamaninsa aka buɗe cibiyar fasaha ta Kharagpur a 1951, aka kafa hukumar da ke raba wa jami'o'i kuɗi. Indiya tana bikin ranar ilimi ta ƙasa kowace 11 ga Nuwamba, ranar haihuwarsa.