Yawunde: Yadda ake gano tarihin tsohon gidan gona, da dalilin da ya sa shekarar 1974 ke da muhimmanci

Iyalai da dama na Hausawan Briqueterie da kewayen Cité Verte a Yawunde suna da wani ɗan gida a bayan gari: ɗaki biyu ko uku, rijiya, bishiyoyin mangwaro, wani lokaci da 'yar gonar koko. Kaka ne ya samu wurin, galibi da baki da shaidu kawai. Yanzu da birni ya cim ma waɗannan wurare, tambayar "yaushe aka gina gidan nan?" ta tashi daga hirar tsofaffi ta koma maganar shari'a.

Dalili kuwa shi ne dokar filaye ta Kamaru mai lamba 74-1, ta ranar 6 ga Yuli 1974. A ƙarƙashinta, takardar mallaka da ake kira titre foncier ita ce shaidar da hukuma ta sani. Wanda ba shi da ita yana iya neman a yi masa rajista kai tsaye idan ɗan ƙasa ne, kuma ya nuna cewa an zauna a filin ko an raya shi kafin 5 ga Agusta 1974. Wanda ya shiga bayan wannan rana sai ya bi wata hanya mai tsawo, ta neman gwamnati ta ba shi filin na wucin gadi tukuna. Dokar ta kuma soke cinikin filin da ba shi da rajista da sunan mai sayarwa, don haka takardar hannu da aka rubuta bayan 1974 ba ta da ƙarfin da mutane ke zato.

Kwamitin da sous-préfet ke jagoranta yakan je wurin ya gani da ido. A nan ne harabar gida ke yin magana. Kaurin mangwaron da kaka ya dasa, tsohuwar rijiya, kabari, layin bishiyoyin da aka yi iyaka da su, duk shaida ne. Magajin da ya sare tsofaffin bishiyoyi don ya share fili kafin zuwan kwamiti ya sare hujjarsa da hannunsa, kuma hakan na faruwa.

Ginin ma yana faɗin shekarunsa: jan bulo ƙonanne ne ko na siminti, wane irin kwano aka rufa, ina aka ƙara ɗaki daga baya. Mutanen Briqueterie ba baƙi ba ne ga wannan, tunda unguwar tasu, wadda asalin sunanta Ekoudou, ta samo sunan da aka fi saninta da shi ne daga masana'antar bulo.

Sai takardu. A fara da akwatin gida: rasiɗin haraji, wasiƙun ajami, takardar rabon gado, hoton biki da ginin ya fito a baya. Bayan nan akwai ofisoshin ma'aikatar filaye ta MINDCAF, da gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yawunde, wanda ke da kundin zamanin Jamusawa. Tsofaffi kuma a ji su tun suna raye, a naɗi muryarsu a waya, har da na dangin da suka ba da filin, domin su ne maƙwabtan da za a tambaya.

Misalin abin da haɗa waɗannan hanyoyi ke haifarwa yana Kano. Gidan Ɗan Hausa, ginin ƙasa a Nasarawa, a bayan ganuwa yake lokacin da Hanns Vischer ya zauna a ciki ya buɗe makaranta a 1909. Yau yana tsakiyar gari, kamar yadda gidajen gonar Yawunde ke komawa. An san tarihinsa saboda ginin na nan tsaye, ga takardun gwamnati, ga kuma littafin da matarsa Isabelle Vischer ta wallafa da Faransanci a 1917 kan zamansu a Arewacin Najeriya.

Matsala ɗaya ta fi shafar Hausawan ƙetare: kakan da ya zo daga Kano ko Maraɗi yana iya bayyana a takarda da suna iri uku, rubutun Faransanci daban, na ajami daban, ga laƙabin kasuwa. Kafin a kai fayil ofis, sai an tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, an kuma haɗa takardun zama ɗan ƙasa na magada.