Hayar Injunan Hawa da Ɗaga Kaya: Ina Rabon Garuruwan Uraniyom?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, ya ɗaga kai sama, ya ga itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta, jeri bisa jeri, har ƙololuwa. Baƙo yakan ɗauka ado ne. Magina kuwa sun san amfaninsu: su ne matakala, su ne madogara, sa'ad da za a sake yaɓe bayan ruwa da iska sun zaizaye jikin ginin. Tsawon hasumiyar mita 27 ne, da ƙasa aka gina ta tun ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844. Watau magabatanmu sun gina abin hawan tare da ginin, don kada na baya su sha wahalar nemansa.

Kilomita wajen 240 arewa da nan, a Arlit da Akokan, akwai waɗansu irin hasumiyoyin na ƙarfe: rumbunan ajiyar dutse, manyan tankuna, bututan hayaƙi, dogayen bel masu jan niƙaƙƙen dutse, da turakun fitilu. Su ma suna bukatar gyara, amma ba wanda ya dasa musu itace. Dole mai walda ko mai gyaran lantarki ya sami abin da zai kai shi can sama, ya riƙe shi har ya gama, ya sauko da shi lafiya wurin iyalinsa. A kan wannan abu ne, da kuma kasuwar da ta ginu a kansa a duniya, muke so mu yi wa jama'a masu karatu bayani yau.

Da farko sai mu san abin da muke magana a kai, domin har yanzu Hausa ba ta raɗa masa suna tsayayye ba. Ma'aikatan shantiye suna ce masa nasel, daga Faransanci. Mu dai a nan za mu kira shi kwandon hawa, har Allah ya kawo wanda ya fi mu dabarar fassara. Kwando ne na ƙarfe wanda mutum ɗaya ko biyu suke shiga da kayan aikinsu, inji ya ɗaga su. Akwai mai ƙafar almakashi, wanda yake miƙewa sama sak. Akwai mai dogon hannu da ke zarcewa. Akwai mai hannu da gwiwa, wanda yake iya ketare bututu ya leƙa bayansa. Akwai kuma wanda ake ɗorawa bisa kamyo, irin na masu gyaran fitilun titi. Manya daga cikinsu suna wuce mita 50, wajen ninki biyu ke nan na hasumiyar Agadas. Ƴan uwansu su ne injunan ɗaga kaya, tun daga ƙaramin mai cokula biyu na cikin sito har zuwa ƙaton da yake ɗaga tanki sukutum.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A Amurka aka kafa kamfanin Genie a 1966, sa'an nan John Grove ya kafa JLG a 1969 a jihar Pensilbaniya. Ku lura da shekarun: a 1968 aka kafa SOMAÏR, a 1971 ta fara fitar da uraniyom. Ashe waɗannan kamfanoni da garin Arlit tsara ne. Faransa tana da nata masu ƙira, Haulotte da Manitou. Daga baya ƙasar Sin ta shigo da ƙarfinta, da kamfanoni irin su Dingli da Zoomlion da Sinoboom, har rangwamen kuɗinsu ya sa Amurka ta ɗora wa injunansu haraji na musamman, Tarayyar Turai ma ta bi sawu a Janairun 2025.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, mafi yawan kwandunan hawa da ake ƙerawa, gidajen haya ne suke saye. Maginin da ke bukatar inji na kwana huɗu ba ya ɗaure dukiyarsa a kan abin da zai shekara a ajiye yana tsatsa. Sai ya buga waya, a kawo masa da safe, a zo a ɗauka ran da ya gama. Kamfanin United Rentals na Amurka, wanda aka kafa a 1997, shi ne mafi girma a wannan fage. A 2023 cinikinsa ya haura dalar Amurka miliyar 14, abin da ya ninka kasafin kuɗin ƙasarmu na shekarar fiye da sau biyu. Mai bi masa shi ne Sunbelt. A Turai kuwa Loxam na Faransa ke gaba, wanda ya haɗiye kamfanin Lavendon na Ingila a 2017 da Ramirent na Finlan a 2019. Akwai kuma Kiloutou, wanda sunansa ma da Faransanci ke nufin mai ba da hayar kome. Ɗaga kaya masu nauyin gaske kuma yana hannun gidaje ƙalilan, kamar Mammoet na Holan da Sarens na Beljiyam.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mutanen Abzin. Kalmar sufuri da muke faɗa wa manyan motoci yau, asalinta ɗaukar kayan wani bisa dabbarka don lada. Falken Kano ko na Damagaram ba lalle ya mallaki raƙuma ɗari ba kafin ya kai haja arewa. Mai raƙuma yana nan, ya san hanya, ya san rijiyoyi, ya san maganin dabbarsa. Amma kowane madugu ya san raƙumin sufuri ba ya cin riba sai da kaya zuwa, da kaya komowa. Haka lissafin gidan haya yake. Inji sai ya yi aiki wajen kwana biyu cikin kowane uku, a hannun mutane dabam-dabam, kafin ya biya bashin da aka saye shi da shi, da ladan makaniki, da inshora. Don haka gidajen haya suke tsugunawa inda masu bukata suke da yawa, kusa da juna, a bakin hanya mai kyau.

Nisan Arlit

To, a nan ne gizo ke saƙa. Daga Yamai zuwa Arlit kilomita wajen 1.200 ne, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kuwa wajen 2.000. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom, an shimfiɗa ta ne a ƙarshen shekarun 1970, kuma duk direban da ya bi ta a shekarun baya ya san irin cin da ta yi, musamman tsakanin Agadas da Arlit. Injin da za a yi haya na mako guda, sai ya share makonni bisa tirela, zuwa da komowa, ba ya kawo wa mai shi ko dala. Wa zai biya waɗannan kwanaki?

Ga kuma yanayin wurin. Zafin bazara yana wuce digiri 45, man da ke motsa hannun injin ya tsinke, robobi su bushe su tsage. Ƙura tana toshe matatun iska, tana shiga gaɓoɓin hannu tana goge su kamar dutsen niƙa. Iska ma abin tsoro ce: ƙa'idar masu ƙira ita ce kada a ɗaga mutum a fili in gudun iska ya wuce kilomita 45 a awa, wanda kuwa ya san hunturun Abzin ya san ranakun da ake wuce wannan ba kaɗan ba ne. Akwai wata matsala da ta keɓanta da ma'adinin kansa. Duk ƙarfen da ya yi aiki a inda ake sarrafa uraniyom, wajibi ne a wanke shi, a auna shi, kafin ya fita. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun sami tarkacen ƙarfe mai guba a kasuwar Arlit, ƙungiyar Greenpeace ma ta sake tayar da maganar bayan ziyararta ta 2009, kuma ƙungiyar Aghirin'man ta ƴan garin ta daɗe tana kuka a kai. Mai gidan haya da zai karɓi injinsa ya miƙa wa mai ginin asibiti gobe, dole ya yi tunani sau biyu.

Sai batun tsaro. A daren 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, akasarinsu ma'aikatan Areva da na kamfanin gine-gine na Satom. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai hari da mota mai bam masana'antar SOMAÏR, aikin niƙa ya tsaya na wani lokaci. Kamfanonin inshora suna karanta irin waɗannan labarai da alƙalami a hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, tafiya ta ƙara tsawo.

Saboda haka tun farko kamfanonin ma'adinai suka ɗauki hanyar dogaro da kai. SOMAÏR, da COMINAK wadda aka kafa a 1974 ta fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, da SONICHAR mai ba su wutar lantarki daga gawayin Anu-Araren kusa da Cirozerin tun 1981, kowanne ya sayi nasa injuna, ya gina nasa garaji, ya tara nasa kayan gyara, ya horar da nasa makanikai. Abin da ya rage sai a ba ƴan kwangila. An sami alheri a ciki, domin garejojin nan sun fitar da gwanayen ƴan ƙasa waɗanda ba sa jin kunya a gaban kowane injiniya. Amma mallaka tana da nata haɗari, kuma Imuraren ta nuna mana shi. A 2009 shugaban ƙasa Mamadou Tandja ya aza tubalin wannan mahaƙa da ke kilomita wajen 80 kudu da Arlit, ana sa ran tan 5.000 a shekara. Aka kawo manyan injuna. A Maris 2011 haɗarin Fukushima ya auku a Japan, farashin uraniyom ya faɗi, a 2014 aka dakatar da aikin. Da a bakin wani babban birnin Turai ne, da mai haya ya kwashe kayansa ya kai wani shantiye cikin mako. A Imuraren sai injuna suka tsaya cik cikin rairayi. Mahaƙar Azelik ta ƴan Sin, kusa da Ingal, ita ma ta tsaya a wannan tsakani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, gaskiya ne; amma ba su ce a saka zane goma don bikin kwana ɗaya ba.

Masu hawa

Jama'a, kada lissafin kuɗi ya mantar da mu mutumin da ke cikin kwandon. Faɗowa daga sama tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini a ko'ina a duniya. Babban kamfani yana da dokokinsa da masu sa ido. Ƙaramin ɗan kwangila fa, wanda aka ba gyaran rufin sito, ko mai walda na cikin gari da aka kira ya liƙe tankin ruwa? Shi abin hawansa tsani biyu ne da aka ɗaure da waya, ko gangunan mai da aka ɗora wa katako, ko kuma, wanda ya fi muni, ya tsaya bisa cokulan injin ɗaga kaya a cira shi sama. Kowa ya taɓa ganin haka, kowa ya kau da kai. A ganina babban amfanin gidan haya yana nan: yana sa inji mai aminci ya zo hannun wanda ba zai taɓa iya sayensa ba.

Inji kaɗai kuwa bai isa ba. A Faransa doka ta wajabta a binciki kowane kwandon ɗaga mutum duk wata shida, matuƙinsa kuma ya sami horo da izini a rubuce. Takardar da aka fi sani ita ce CACES. Ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, IPAF, wadda aka kafa a 1983, tana ba da katin shaida mai aiki na shekara biyar. Yawancin injunan da ke isowa ƙasashenmu tsofaffi ne da gidajen hayar Turai suka sallama bayan sun ci moriyarsu, aka yi gwanjonsu a Holan ko Dubai. Ba laifi ba ne sayen na hannu, in dai ya zo da littafin tarihinsa, an kuma bar masa na'urorin da ke hana shi tashi a kan gangare ko da kaya fiye da kima. Abin takaici, makanikin da ya rasa kayan gyara yakan cire na'urar ne kawai don injin ya tashi.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da tan wajen 75.000 na uraniyom, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Aka tsara aikin gyaran wurin na shekara goma a kan sefa miliyar 95: rushe masana'anta, toshe ramuka, da rufe tarin sharar dutse mai kusan tan miliyan 20. Rushewa aiki ne na hawa da saukar da ƙarfe, kuma aiki ne mai wa'adi, irin wanda aka ƙirƙiro haya dominsa. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano, a Yunin 2025 kuma ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa. Tun 2022 aka soma haƙa a Dasa, tsakanin Agadas da Arlit. Ma'ana, injunan da a da wani ke lissafinsu daga Paris, yanzu lissafin ya faɗo wuyanmu, har da na kusoshinsu.

Ba na tsammanin Loxam ko United Rentals za su buɗe reshe a Akokan gobe. Abin da nake ganin zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta. In aka haɗa bukatun mahaƙan, da na SONICHAR, da na NIGELEC, da na ma'aikatun magajin gari, da na masu kafa turakun tarho da faifan hasken rana, jihar Agadas tana iya ciyar da rumbun injuna guda, a birnin Agadas inda hanyoyi suka haɗu. Tsofaffin makanikan COMINAK suna nan, da yawansu ba su tsufa da aiki ba. Dokar duwan ta riga ta tanadi shigo da kayan aiki na wucin gadi, saura a sauƙaƙa takardunta. Makarantar ma'adinai ta EMAÏR kuma tana nan Agadas, horon matuƙin kwandon hawa bai wuce na ƴan kwanaki ba. Abin da ya fi wuya shi ne a sami hukumar da za ta riƙa zuwa duk wata shida ta duba injin, ta kuma sami ƙarfin halin ɗaure shi in ta ga tsaga a hannunsa, ko da na wani babban mutum ne.