Gwanjon Omdurman: Duba Kaya, Duba Asalinsu

Idan ka sayar da dabbobinka a Muwailih, yamma da Omdurman, ko ka sauke kaya a Suk Libiya, da wuya ka wuce 'yan gwanjo ba ka tsaya ba. Mutanen Sudan "gugu" suke ce wa irin waɗannan tufafi, kuma kafin yaƙi da yawansu ta Chadi suke shigowa, ta Adre da Junaina. Ke nan, kai da za ka koma yamma, ka iya sayen rigar da ta fi araha a garinku. Fara tambayar farashi tukuna.

Ka je da sassafe, lokacin da ake kwance dila. Ɗaga riga ka duba ta a rana, ka leƙa hammata da wuya, ka ja zif. In ka isa gida, a wanke da ruwan zafi, a goge.

Amma tufa mai sauƙi ce. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, an wawashe gidajen Hartum, har aka samu kasuwannin da jama'a ke kira "kasuwar Dagalo". Firji ko janareto da aka yi maka tayi a rabin kuɗinsa, babu rasit, mai shi kuma yana gaggawa? Bar shi, wallahi. Wataƙila na wata baiwar Allah ce da ke gudun hijira a Adre. In kuma aka tare ka a shinge, kai za a tambaya, mai sayarwa ya riga ya ɓace.