Warren Moon: Madugun da Gida Ya Ƙi, Maƙwabta Suka Karɓa

Yawancinmu idan aka ce ƙwallon ƙafa, wadda muke bugawa a fili muka sani. To, a Amurka akwai wata iri dabam. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake jifa ko a rungume ta a ruga, mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Akwai ɗan wasa guda da ake kira kwatabak. Shi ne madugu: shi yake faɗa wa 'yan'uwansa dabarar da za a bi, shi yake jifa, kuma shi ake zargi idan an sha kashi.

Shekaru da dama masu ƙungiyoyi suna ganin wannan matsayi bai dace da baƙar fata ba. Sun yarda yana da gudu da ƙarfi, amma wai ba shi da kan shugabanci. A irin wannan zamani aka haifi Warren Moon a birnin Los Anjalas cikin 1956. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa, ma'aikaciyar jinya, ta rene shi tare da 'yan'uwansa mata shida.

Da ya gama sakandare, manyan jami'o'i suka so ya bar jifa ya koma wani matsayi. Ya ƙi. Ya gwammace ya fara daga wata ƙaramar kwaleji a garinsu, daga nan Jami'ar Washinton ta ɗauke shi. A Janairun 1978 ya ja ƙungiyar jami'ar ta doke Mishigan da ci 27 da 20 a wasan Rose Bowl, aka zaɓe shi gwarzon wasa.

Duk da haka, alamu suka nuna ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ba su shirya ba shi jagoranci ba. Sai ya haɗa kayansa ya tsallaka iyaka zuwa Edmonton a ƙasar Kanada, garin tsananin sanyi. Mu da kakanninmu suka bar gida suka kafa zango a ƙasar wasu, mun san irin nauyin wannan shawara.

A can ne tauraronsa ya haska. Daga 1978 zuwa 1982 ƙungiyarsa ta ci kofin Grey, kofin ƙasar Kanada, sau biyar a jere. A 1983 aka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar. Nan fa waɗanda suka kau da kai suka dawo suna zawarcinsa, ya zaɓi Houston Oilers a 1984.

Ya yi shekara goma a Hustan, sannan ya zaga Minesota da Siyatul da Kansas, ya aje wasa bayan kakar 2000 yana da shekara 44. Sau tara ana sa shi cikin wasan zakaru na Pro Bowl. Idan aka haɗa jifansa na Kanada da na Amurka, ya haura yadi 70,000, wato fiye da kilomita 60.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A Janairun 1993 ƙungiyarsa tana gaba da ci 35 da 3, amma Bafalo ta farfaɗo ta cinye wasan 41 da 38. Har ya bar fage bai taɓa buga wasan ƙarshe na Super Bowl ba.

A 2006 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarzayen ƙwallon da ke Kanton, jihar Ohayo. Shi ne kwatabak baƙar fata na farko da ya sami wannan girma. Kanada kuwa tun 2001 ta riga ta karrama shi a nata zauren.